Yoyon Motar Mai Ƙwai

Da rana tsaka suka ƙulla cinikin, a filin da Dillali yake jera motocinsa, ƙarƙashin wata rumfar kwano mai ƙara wa mutum zafi maimakon ta rage masa. Mai Ƙwai ta zagaya motar har ta gaji da zagaye. Doguwa ce, ruwan toka, mai ƙofa a baya. Ta sha hannu, amma ba ta fita kamanninta ba. Bayan motar shi ya tafi da hankalin Mai Ƙwai: in aka kwantar da kujeru, kiret-kiret ɗin ƙwai za su zauna daram, ta huta da roƙon masu babur su bi a hankali, suna amsa mata da "to" suna afka wa kowane rami.

Dillali yayan mijinta ne, ciki ɗaya. Har yau Amarya yake kiranta, ko da yake babbar 'yarta ta kusa kamo ta tsawo. Mutum ne mai tumbi da zaƙin baki, irin wanda in ya gaishe ka sai ka ji kamar kyauta ya yi maka. Ya ɗaga bonet ya ja da baya yana murmushi.

"Amarya, leƙa ki gani. Ko abinci kika zuba a kan injin nan, ki ci abinki. Jiya-jiyan nan aka yi mata sabis. Sabon mai, sabuwar filta. Wallahi ba don ke ba ce, da ni zan riƙa hawanta."

Injin kuwa sai ƙyalli yake yi, ko ɗigon maiƙo babu.

"Yaya, ni ban san inji ba," in ji ta. "Ƙwai na sani. Kuma ƙwan da aka wanke shi ya fi saurin lalacewa."

Dillali ya yi dariya har tumbinsa na rawa. Ya dubi ƙanensa, Tela, wanda yake tsaye a gefe ya harɗe hannu a baya kamar wanda ya yi rakiya gidan da bai sani ba.

"Ka ji matarka? Wannan da namiji ce, da tuni ta ƙwace mini filin nan. To ji nan, Amarya. In motar nan ta ba ki matsala, kowace iri ce, kada ki kai wa kowa. Kawo ta nan, ni zan karɓa."

"Za ka karɓa?"

"Zan karɓa. Ga mijinki nan shaida."

Tela ya gyaɗa kai. A kan wannan kalmar ta miƙa abin da ta tara, haɗe da kuɗin rabin kajinta da ta sayar, aka miƙo mata makulli. Tuƙi dama ta iya shi tun tana budurwa, a tsohuwar motar mahaifinta. Ta ja abarta ta fice daga filin, Tela na zaune a gefe ya ƙanƙame kujera.

An yi 'yan kwanaki ana shan daɗi. Kafin masu shaguna su gama buɗe ƙofa ta sauke musu ƙwai, ko ɗaya bai fashe ba. Har wata mata mai gasa kek ta samu, wadda a da nisa ya hana ta kai mata.

Tela ne ya fara gano abin, kuma da ƙafa ya gano shi. Wata safiya Mai Ƙwai ta matsar da motar bakin kejin kaji tana lodi, shi kuma ya fito zai tafi shago, ya tuna ya bar almakashinsa, ya koma ɗaki. Sai ga sawun silifa baƙi ƙirin tun daga ƙofa har bakin gado. Suka bi sawun da baya-baya har tsakar gida. A kan siminti, daidai inda motar take kwana, ga wani baƙin tabo kamar bakin kofi.

"Ƙila gumi ne," in ji Tela. "Ai mota ma tana gumi."

Gumin nan ya girma ya kai faranti, daga nan ya kai tire. Jar fitilar mai ta fara ƙifta mata ido duk lokacin da ta sha kwana. Kullum kafin ta fara rabo sai ta tsaya ta sayi baƙin mai ta ƙara. Abin da ya fi ci mata rai shi ne wari. Man yana ɗiga a kan salansa mai zafi, hayaƙi ya taso ya cika motar. Ran nan mai kek ta shinshina kiret, ta yamutsa fuska ta ce, "'Yar'uwa, kajin nan naki a gareji suke kwana?"

Daga nan Mai Ƙwai ta zarce filin Dillali. Ya tarbe ta da fara'a, ya ba ta kujera da ruwan sanyi, ya ƙwala wa makanikensa kira. Sifana ake ce masa, wani siriri mai jan ido, kullum da tsinke a baki. Sifana ko bonet bai ɗaga ba. Ya durƙusa, ya zura hannu can ƙasa inda inji ya haɗu da giya, ya fito da yatsa baƙi, ya nuna wa maigidansa.

"Sil ɗin baya ne, robar da ke tare mai tsakanin inji da giya. Sai an sauke giya gaba ɗaya. In an sauke kuma, Allah kaɗai ya san abin da za a tarar. Ni dai ba na son irin wannan ɗigon."

Dillali ya dafe kai. "Kash! Amarya, me kika yi wa motar nan? Lodi kike mata fiye da kima?"

"Ƙwai nake ɗauka, Yaya, ba siminti ba. Ga makullinka. Ka ce za ka karɓa."

"Ƙwarai kuwa. Ni ba na magana biyu." Ya gyara zama. "Sai dai kin ga, motar da na ba ki lafiyayya ce. Wadda kika kawo mini majinyaciya ce. Zan karɓe ta, a farashin majinyaciya."

Ya faɗi abin da zai bayar. Ko kajin da ta sayar ba zai mayar mata da su keji ba.

"Ba haka muka yi ba."

"To yaya muka yi? Na ce zan karɓa. Kin ji na ce zan mayar? Karɓa daban, mayarwa daban. Je ki tambayi mijinki, ai da kunnensa ya zo."

Mai Ƙwai ta kafe shi da ido. Ta juya maganar a ranta ta kowane gefe, ta ga lalle bai yi ƙarya ba, rami dai ya haƙa a cikin kalmar ya bar ta ta taka da kanta. Makullin na kan tebur a tsakaninsu. Dillali ya fara miƙo hannu a hankali. Ta riga shi.

"Ba ta sayarwa ba ce."

"Amarya, inji zai buga miki a tsakiyar titi. Ranar ko masu sayen ƙarafa ba za su taya ba."

"In ya buga, a hannuna ya buga."

Kafin ta isa gida magana ta riga ta isa. Tela ya bi ta har kejin kaji yana murza hannu.

"Ki yi haƙuri ki karɓi abin da ya bayar, a wuce wurin. Yayana ne. Shi ya saya mini keken ɗinkina na farko."

"Ya saya maka keke, ni kuma in biya da mota? Baban yara, kana wurin. Me ka ji ya ce?"

"Ya ce zai karɓa."

"Kai me ka fahimta?"

Tela ya dubi ƙasa. "Abin da kika fahimta."

"To shi ke nan," in ji ta, ta ci gaba da tsince ƙwanta.

Da yamma sai ga Inna, uwar mijin, ta zo da kanta. Aka kawo mata ruwa ta ƙi sha. "Ashe zan ga ranar da za a fizge wa babban ɗana makulli a gaban ma'aikatansa?" in ji ta. Mai Ƙwai ta durƙusa ta saurara har tsohuwa ta gama, ba ta katse ta ba.

"Inna, ki gafarce ni. Duk abin da kika ce in yi a gidan nan zan yi. Amma motar nan kajina ne suka saye ta."

Inna ta miƙe ta yi tafiyarta, ko sallama babu.

Mai Ƙwai ta shiga yawon gareji. To layin makanikai duk a titi ɗaya yake da filin Dillali, kuma rabin abincinsu daga hannunsa yake fitowa. Wani ya ce aiki ya yi masa yawa, alhali yana zaune yana yanke farce. Wani ya ce sil ɗin baya ne tun kafin ta kashe inji. Wani kuwa bakinsa ya kuɓuce, ya ce, "Au, wannan ta sake dawowa?" sannan ya kama tari.

Wannan "sake" ita ta ɗauka ta kai wa Baba Ritaya.

Baba Ritaya tsohon makanike ne da ya ajiye aiki. Yana da ɗan tebur a ƙarshen layin, yana sayar da baƙin mai da filta da 'yan ƙananan kayan gyara. A wurinsa take ƙara mai kullum.

"Baba, ka san motar nan?"

"Na san ta ciki da waje. Wani malamin makaranta ya hau ta, ya sha mai a wurina har ya gaji ya mayar. Bayansa wani mai gidan wanki. Kowa da sil ɗin baya aka sallame shi."

"Kuma ba ka gaya musu komai ba?"

"In gaya musu me? Mai suka zo saye, mai na sayar musu. Ni ma ban san inda take yoyo ba. Abin da na sani kawai, babu wanda ya taɓa nema."

"Amma na gani da idona, Baba. Daga mahaɗar inji da giya yake ɗigowa."

"Ɗiyata, in kika tarar da ruwa a bakin ƙofar ɗakinki, sai ki ce ƙofar ce take yoyo? Mai ba ya hawa sama. Ƙasa yake bi, in kina tafiya kuma iska ta tura shi baya. Duk yoyon da ke jikin inji can ƙasan baya yake taruwa. Inda kika gan shi nan ya sauka, ba nan ya taso ba."

"To ka duba mini mana."

"Bayana ya riga ni yin ritaya. In na sunkuya yau, sai an tara mutane a miƙe ni."

"Ni zan shiga. Kai dai ka riƙa gaya mini."

Tsoho ya ɗaga kai ya dube ta ta saman tabarau. "Kin san layin nan kuwa? Dariya za su yi miki."

"Sun riga sun yi. Wadda suka yi a bayana ta fi ciwo."

"To ki zo da kananzir, da buroshi, da garin sabulu, da bokiti. Ki kuma zo da hoda."

"Hoda kuma?"

"Fara, irin ta jarirai. Gwangwani babba."

Washegari ba ta yi rabon ƙwai ba. Ta sa tsohon wandon Tela a ƙarƙashin doguwar rigarta, ta ɗaure kai tamau, ta iso da hantsi. Baba Ritaya ya sa ta ɗora motar a kan busasshen lambatun da ke gaban teburinsa, tayoyi biyu a wannan gefe, biyu a wancan, aka tokare su da duwatsu. Lambatu ya zama ramin gyara. Suka jira inji ya huce, ta rufe wayoyin wuta da leda kamar yadda ya nuna mata, sannan ta tattare riga ta sauka ciki.

Ba a daɗe ba layi ya ji labari. Makanikai suka bar abin da suke yi suka jeru a bakin titi.

"Jama'a, ku zo ku gani! Kaza ta shiga kwanci!"

"Hajiya, in kin samu ƙwai a nan ƙasa ki ajiye mini ɗaya!"

Muryarta ta fito daga ƙarƙashin mota. "Ku dai jira ƙyanƙyasa. Wanda ya san shi ya yi ƙwan, ya fara neman hanyar gudu."

Aka kwashe da dariya, amma wannan karon ba ita ake yi wa ba.

Ta goge ƙasan injin nan da kananzir, ta bi da sabulu, baƙin ruwa yana gangarowa ta hannunta har gwiwar hannu, yana ɗiga mata a fuska. Wuyanta ya ƙage, idonta ya yi ja. Duk lokacin da ta ce ta gama, sai Baba Ritaya ya ce, "Shafa da farin tsumma." In tsumma ya fito da baƙi, ta sake. Da ƙarfe ya fito fes, suka bar bonet a buɗe rana ta busar da shi. Sannan ta ɗauki gwangwanin hoda ta barbaɗe injin daga sama, ta koma ƙasa tana zubawa a tafin hannu tana hurawa, har ko'ina ya yi fari fat, ita ma ta yi fari.

A nan ne Tela ya iso da gudu, igiyar awo na rataye a wuyansa. Wani ya je har shago ya kai masa tsegumi. Ya tsuguna a bakin lambatu yana magana ƙasa-ƙasa.

"Don girman Allah ki fito. Mutane na kallo."

"Su kalla. Ba kuɗin kallo zan karɓa ba."

Bai rufe baki ba sai ga Dillali yana tafe yana haki, Sifana na biye da shi. 'Yan kallo suka buɗa masa hanya. Bai ko dubi motar ba, ƙanensa ya sa a gaba.

"Kai, wannan wane irin zubar da mutunci ne? Matarka a cikin lambatu, kai kuma ka tsuguna kamar mai jiran canji? Sa ta ta fito, a tura motar nan filina, a rufe maganar."

Baba Ritaya ya yi kamar bai ji ba. Ya ce, "Yanzu sai a tada inji. Ita tana ƙasa, ni kuma ba na iya lanƙwasuwa in shiga mota. Tela, ka iya murɗa makulli?"

Tela ya dubi yayansa, ya dubi makullin da ke lilo a jikin sitiyari. Mai Ƙwai tana hango ƙafafunsa daga inda take, ga silifar nan da ta kai baƙin mai ɗaki. Ta riga ta yanke a ranta, in bai yi ba za ta fito ta tada da kanta ta koma. Ƙafafun suka tsaya cik, suka ɗan ja baya. Sannan ta ga sun juya, ɗaya ta ɗaga ta shige mota.

"Kai!" in ji Dillali.

"Yaya, murɗawa kawai zan yi," in ji Tela. Ya murɗa.

Inji ya tashi yana kaɗawa a saman kanta. Ta kunna fitilar wayarta ta haska mahaɗar inji da giya, inda kowa ya rantse nan ne ciwon. Fari fat. Ta jira. Zafi ya fara saukowa. Har yanzu fari.

"Me kika gani?" in ji Baba Ritaya.

"Babu komai."

"Kada ki zuba wa wuri ɗaya ido. Tela, ɗan taka mata wuta. A hankali, ba keken ɗinki ba ne."

Ta bi gefen injin da haske. Can sai ta ga wani siririn baƙin layi kamar zare yana tsaga farar hodar nan, yana gangarowa a karkace, ya nufi baya.

"Baba! Ga shi nan yana tafiya!"

"Kada ki bi shi inda za shi. Bi shi inda ya fito."

Ta ɗaga haske sama, ta bi zaren har ya kai ta wuyan filta, sabuwar nan mai sheƙi da aka yi mata alfahari da ita ranar ciniki. Daidai inda filtar ta manne da inji, mai yana tsattsafowa, ya taru ya zama ɗigo, ya gangara.

"Daga wuyan filta ne!"

"Tela, kashe."

Suka jira ƙarfe ya huce. Babu wanda ya koma bakin aikinsa. Baba Ritaya ya kwance bel ɗin wandonsa ya miƙa mata, ya ce ta naɗa wa filtar ta ja hagu. Ta ja, bel ya zame. Ta sake naɗawa, ta tokare ƙafa da bangon lambatu, ta ja da dukkan ƙarfinta. Filta ta saki, mai ɗumi ya kwararo mata har hammata. Ta miƙo ta waje.

Tsoho ya juya bakin filtar sama. "Ga zobenta na roba nan a jikinta, lafiya lau. To sa yatsa ki shafa mazauninta a jikin inji. Ƙarfe kike ji?"

"A'a. Laushi nake ji."

"Ɓamɓaro shi."

Ta sa farce, farcen ya karye, ta sa wani. Abin ya taso. Ta miƙo wani baƙin zoben roba, ya daddanne ya yi lebur, gefensa ɗaya ya tsage. Baba Ritaya ya ɗaga shi sama a hannu ɗaya, filtar a ɗaya hannun, yadda kowa zai gani.

"Zobe biyu a wuya ɗaya. Wannan na tsohuwar filta ne, ya manne a inji, aka ɗaura sabuwa a kansa. Roba a kan roba ba ta riƙe mai. In mota na tsaye a fili, shiru kake ji. Da ta fara tafiya mai ya matso, sai ya sami hanya." Ya juya ya dubi Sifana. "Ranar farko da na shiga gareji aka koya mini in duba wannan. Yanzu ban sani ba, ko ganganci ne, ko kuwa gangan."

Sifana ya cire tsinken bakinsa. "Mantuwa ce, Baba."

"Mantuwar ta daɗe," in ji wani daga cikin 'yan kallo. "Tun zamanin malamin makaranta ake yin ta."

Dillali ba yaro ba ne a harkar. Kafin dariya ta lafa ya riga ya juya kan makanikensa, ya balbale shi da faɗa, yana cewa shi za a ja wa abin kunya a cikin danginsa, yana rantsuwa yau Sifana ya bar masa fili. Da ya gama, ya dawo bakin lambatu ya sassauta murya.

"Amarya, kin ga abin da ma'aikata suke ja wa mutum. Fito ki wanke jikinki. Kawo motar, duk abin da kika ba ni zan ba ki, ko ki zaɓi wata a filin."

Mai Ƙwai ta leƙo da kai daga ƙarƙashin mota, fuska rabi hoda rabi baƙin mai.

"Yaya, ka matsa kaɗan, ka tare mini haske. Baba, ba ni sabuwar filta."

Tsoho ya ba ta. Ya sa ta goge mazaunin har sai da ta ji ƙarfe zalla, ta shafa wa sabon zoben ɗan mai da yatsa, ta ɗaura da hannu kawai, ba bel ba komai. "In ta zauna, ƙara mata kaɗan ki bar ta. Matsewa da yawa ma yoyo ce." Suka cika mai, ta goge inda ya ɓaci, ta ƙarasa zazzage gwangwanin hodar a wurin. Wannan karon Tela bai jira an ce masa ba, ya murɗa makulli.

Inji ya yi ta kaɗawa har fanka ta tashi. Ta haska wuyan filta, ta haska gefe, ta haska mahaɗar giya. Fari. Can sama dai, a gefen murfin inji, hoda ta ɗan yi duhu kaɗan.

"Baba, akwai wani ɗan damshi a sama."

"Wannan tsufa ne, ni ma ina da shi. Ba zai kai ƙasa ba. Ki riƙa duba gejin mai da safe, shi ke nan."

Ta fito daga lambatu tana miƙe baya. Dillali ya riga ya tafi. Ta wanke hannu da sauran sabulun, ta shimfiɗa kwali a kan kujera don kada ta ɓata ta, ta ce wa Tela ya matsa gefe. Makanikan da suka yi mata kirarin kaza su suka cire mata duwatsun tayoyi.

In ana maganar wanda ya ci da wanda ya faɗi, to Dillali ribarsa ta farko tana aljihunsa, babu wanda ya taɓa masa ita. Ta biyun, wadda zai ci in ya karɓe motar da araha, ita ce ta kuɓuce, kuma malamin makaranta da mai gidan wanki sun ji labari, suna ta sintiri a filinsa. Sifana an kore shi da baki, ba a jima ba aka sake ganinsa a ƙarƙashin rumfar yana tauna tsinke. Baba Ritaya ya rasa wadda ta fi kowa sayen mai a wurinsa, yana kuma faɗa wa duk wanda ya tsaya cewa shi ya kashe kasuwarsa da bakinsa. Tela shi ya fi kowa asara: ɗinkin gidan yayansa duka an kwashe an kai wani shago, in sun haɗu a hanya gaisuwar ba ta wuce ɗaga hannu, Inna kuma ta daina cin ƙwan gidansa. Mai kek ta yi fushin ranar da ba a kai mata ƙwai ba, ta koma wurin wani. Mai Ƙwai ta rasa ta, ta rasa farce, ta rasa surukai. Motar dai tana hannunta, kuma har yau ita take kai ƙwai kafin masu shaguna su gama buɗe ƙofa.